Motar da Ta Ƙi Tsayawa Cik

Mako uku na shafe ina kallon wata mota tana karkarwa a allon kwamfutata. Na gina ta ne a manhajar Unity domin wasan tsere da ke cikin bincikena, ga kuma ranar gabatar da aiki a gaban malamai tana ta matsowa. Idan tana gudu lafiya lau take, amma da zarar ta tsaya sai ta kama makyarkyata kamar mai zazzaɓi.

Da farko na yi abin da makanike zai yi, na ƙara wa shakazoba ƙarfi. Girgizar ta ƙaru. A nan na fahimci cewa matsalar tana cikin lissafin lokaci. Kwamfuta yanka motsi take yi gunduwa-gunduwa, kuma Unity, in ba a sauya mata ba, sau 50 take lissafa shi a daƙiƙa guda. Idan sifirin ya yi tsauri kuma taya ba ta da nauyi, gyaran da aka lissafa a taki ɗaya kan wuce gona da iri, taki na gaba ya rama da abin da ya fi shi. Da na raba kowane taki gida huɗu wajen lissafin tayoyi, tsalle-tsallen ya lafa.

Saura jijjigar gefe. Tsarin Hans Pacejka na Jami'ar Delft, wanda na dogara da shi wajen auna riƙon taya da kwalta, yana buƙatar ma'aunin zamewa, kuma ana samun wannan ma'auni ne ta hanyar rabawa da saurin mota. Idan saurin ya kusanci sifili, motsin da bai kai ƙwayar gero ba sai ya haifi ƙarfi mai yawa, yanzu dama, yanzu hagu.

Wani abokina ya ce: "Malam, ka daskarar da ita kawai in ta tsaya, wa zai sani?" Na kwana ina juya shawarar, domin lokaci ya ƙure. Amma motar da aka daskarar ba za ta gangara ba ko an saki birki a kan tudu. Sai na sanya wa abin rabawar iyakar da ba zai gaza ba, na kuma sa lissafin ya koma gogayya mai sauƙi a hankali idan gudu ya ragu.

Ranar gabatarwa motar ta hau tudu, ta tsaya cik. Babu malamin da ya tambaye ni game da tsayuwar. Gudunta suka yaba, aka wuce babi na gaba.