Jan mai a ƙarƙashin mota

A da, in aka ce mota a Birnin Ƙonni to mai giyar hannu ake nufi: Peugeot 504 ta tasha, da Hiace, da akori-kurar 'yan albasa. Duk bakaniken da ya yi shekara biyar a gareji ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Yanzu kuwa tsofaffin motocin Turai da Amurka masu giyar otomatik sun cika gari, kuma su ne irin waɗanda malamin makaranta yake iya saye in ya daɗe yana adashi. Motocin sun iso, amma sanin gyaransu yana biyo su a hankali, kamar jaki yana bin raƙumi.

Tawa tsohuwar Toyota Corolla ce. Ina koyarwa a wata kwaleji a gundumar Malbaza, iyalina suna Ƙonni, mahaifiyata kuma tana wani ƙauye kusa da Badagishiri a gundumar Illela, tamu ta jihar Tawa, ba Illelar Najeriya da ke tsallaken iyaka ba. Duk wata nakan ɗauko ta in kai ta asibitin Galmi. Saboda haka in motar nan ta kwanta, ba ni kaɗai nake kwanciya ba.

Ta fara da makyarkyata in na kai gudun kilomita 60 zuwa 70. A wani gareji aka ce kwanbata ce ta gaji. Ga wanda bai san ta ba, wata ƙwarya ce ta ƙarfe, rufaffiya, cike da mai, tana zaune tsakanin inji da akwatin giya, wanda masu koyo a Sakkwato ke kira giyabos, na Yamai kuma su ce bwat. Ita ce madadin kuloci. A cikinta akwai abin da ya yi kama da fanka biyu suna fuskantar juna: inji yana juya ɗaya, ita kuma ta watsa mai a kan ɗayar har ta juya. Aka aika Sakkwato aka sayo wata ta hannu, aka ɗaura. Makyarkyata ta tafi. Bayan kwana biyu sai ga jan mai a ƙasa, daidai inda nake ajiye motar.

Yoyon man giya ba irin wanda ake cewa bari sai albashi ya zo ba ne. Giyar otomatik da ƙarfin mai take aiki. In ya ragu sai faifayen ciki su riƙa sulɓewa, su yi zafi, su ƙone, daga nan kuma sai sayen akwatin gaba ɗaya, kuɗin da ya fi albashina na wata biyu.

Kowa ya kawo nasa. Maigidan garejin ya ce kayan ne marasa kyau, a maida wa mai su. Mai kayan ya rantse a waya cewa lafiyayyiya ya ba da, kuma mutum ne da muka daɗe muna hulɗa, har magana ta fara ɗaukar zafi. Wani direba ya ce in zuba mai mai kauri, yoyon zai tsaya. Wani ya ce motar otomatik haka take, ba ta son zafin ƙasarmu. Duk cikinsu babu wanda ya sunkuya ya duba.

Wanda ya sunkuya wani yaron garejin ne, bai fi shekara 19 ba, wanda ya faɗi jarrabawar BEPC sau biyu aka kawo shi koyon aiki. Bai fara da sufana ba, da tambaya ya fara.

"Mushe, da safe kake tarar da man, ko in ka dawo daga tafiya?"

Na ce in na dawo daga tafiya ya fi yawa. In ta kwana biyu ba a tashe ta ba, kusan babu. Ya gyaɗa kai. Daga baya ya bayyana mini cewa yoyon da ke zuba ko mota tana kashe yawanci daga kaskon ƙasa ne ko wani wurin da mai yake kwance, amma wanda sai inji na aiki yake fitowa, daga inda famfo ke tura mai da ƙarfi yake. Ya ɗiga man a kan farar takarda, ya ɗiga na inji a gefe. Ɗaya ja, ɗaya baƙi. Wannan ya wanke sil ɗin bayan inji, wanda shi ma a wuri ɗaya yake zubowa har ya rikita mutane. Ya tashi motar ta yi zafi, ya zaro sandar awon mai, don in an cika shi fiye da ƙima yakan yi kumfa ya fita ta ramin shan iska a ɗauka yoyo ne. Awo daidai yake, har ya ɗan ragu.

Sai ya wanke ƙarƙashin motar tas, ya bar ta ta bushe a rana, ya ce, "Mushe, ko akwai alli a motar?" Wane malami ne ba shi da alli? Ya daka guda uku ya hura garin a kan akwatin giya har ya yi fari. Dalilinsa shi ne iska tana jan mai baya in mota na gudu, ƙurar hanyar Tsarnawa kuma ta liƙe masa, sai ko'ina ya jiƙe. Inda aka ga ɗigo ba lalle nan ne ƙofar ba. A kan farin alli kuwa, wurin da ya fara yin ja shi ne mai laifi. Muka tashi inji muka jira. Bututun da ke kai mai wurin sanyaya a bushe. Bakin kasko a bushe. Inda sandunan taya suke shiga a bushe. Bayan kamar minti goma sai ga jan layi ya sauko daga mahaɗar inji da giya, daga cikin ɗakin da kwanbata take.

A nan ne ya burge ni. Kafin a kwance ko noti ɗaya ya lissafa abin da za a iya tararwa: ko sil ɗin famfo, wato zoben robar da wuyan kwanbata ke juyawa a cikinsa, ko wuyan kansa ya ci har ya yi zane, ko bushin da ke riƙe wuyan ya yi lako-lako, ko waldar ƙwaryar ta tsage. Biyu daga ciki laifin kaya ne, biyu kuma na wurin ɗaurawa. Ya kuma san yadda zai faɗa wa ubangidansa ba tare da ya kunyata shi a gabana ba: "Maigida, da za ka yarda, da mun leƙa sil ɗin nan kafin a maida kaya Sakkwato, kada a yi asarar kuɗin mota." Maigidan ya yi shiru, sannan ya ce a sauke.

Tsohon sil ne aka bari. Shekaru da zafi sun busar da shi kamar ƙirgi, da aka tura sabon wuya a cikinsa sai leɓensa ya tsage. Yaron ya bi wuyan da farce, sumul, babu zane. Walda lafiya, bushi bai motsa ba. Abin da ya kusa raba ni da mai kaya zoben roba ne da kuɗinsa bai kai na litar mai biyu ba. In faɗi gaskiyar maigidan, bai karɓi kuɗin aiki karo na biyu ba.

Wajen mayarwa ma akwai karatu. Ya shafa wa sabon sil mai, ya zuba mai a cikin kwanbata, ya riƙa juya ta yana turawa har ta shiga mataki-mataki ta zauna a haƙoran famfo, sannan ya ɗauki rula ya auna zurfin zamanta da milimita. In ba ta zauna ba aka ɗaure notuna da ƙarfi, famfon ne zai fashe tun kafin a bar gareji.

Ni da nake tsaye, abin da na gani shi ne darasin da muke fama da shi a aji: lura, zato, gwaji, a cire abin da ba shi ba ne har a kai ga wanda shi ne. Muna rubuta shi a allo da Faransanci, yara su haddace su manta. Ga wanda takarda ta ce ya faɗi, yana yin sa a ƙarƙashin mota da garin alli. Shi ya sa nake jin ciwon maganar nan ta iyaye, "Kansa ba ya ja, a kai shi gareji." Gareji ba juji ba ne, kuma motar yau ba ta gyaruwa da ƙarfin damtse.

Sai dai kada wani uba ya karanta wannan ya ce ashe lakwal ba ta da amfani. Yaron nan da shekarunsa goma na aji ya yi aikin. Shi ya karanta a jikin sandar awo cewa man T-IV motar ke sha, ya ƙi wani jan mai da aka miƙo masa don rubutun galan ɗin bai dace ba. Abokan aikinsa da aka cire tun daga aji uku, a wurinsu duk jan mai ɗaya ne, kuma giya nawa aka kashe da haka. Muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a garuruwanmu, akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, amma iyaye da yawa ba sa tuna su sai in jarrabawa ta ƙi. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, galan ɗin mai da na'urar binciken mota kuwa har yanzu da Turanci ko Faransanci suke magana.

Na'urar nan ce burin yaron yanzu, wadda ake liƙawa a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi abin da kwamfutar mota ta gani. Yana tara kuɗinta daga ɗan abin da maigida ke ba shi da yamma. Mahaifinsa kuwa so yake bayan girbi ya bi yayyensa ci-rani zuwa Abijan, kamar yadda samarin Adar suka saba, don can ne kuɗi ke zuwa da wuri. Ya roƙe ni in yi wa tsohon magana. Na je sau ɗaya, muka sha fura, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, na ji. Bari mu ga abin da gero zai yi."