Daga Masama Zuwa Bakin Kwara

A Masama ta ƙasar Gwandu, mai noman rani ya san inda ribarsa ke tsiyayewa: tankin injin ban-ruwa. Shi ya sa muka bi hanyar Jega da Koko har Yauri, mu ga aikin da ruwa zai iya da ƙarfinsa.

Nan Kogin Kwara ya baje, ya zama Tafkin Kainji. A madatsar da aka kammala a 1968, ruwa ke gangarowa ya juya manyan farfeloli, su kuma su juya janareto. An tsara tashar ta ba da megawat 960. A Faransa ma, tun 1966 tashar Rance ke samar da lantarki daga cika da janyewar teku.

Wa ke ƙera farfelar, ya auna ta, ya gyara ta idan yashi ya cinye? Injiniyan injuna ne. Ana koyar da fannin a Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi.

Ƙannenmu, ku riƙe lissafi da fizis tun yanzu. Kogi namu ne, masu sarrafa shi muke nema.