Lambun Iya A Jajimaji

Garin Jajimaji, hedkwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, yana kan hanyar motar da ta haɗa Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe. Ƙasar wurin jigawa ce, damina kuma ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba. Sauran shekara sai hunturu da ƙura, sa'an nan bazara mai zafin da ke kora awaki gindin katanga tun da hantsi. Kudu da garin akwai fadamu inda ake noman rani, amma mutumin cikin gari ruwansa na rijiya ne ko na burtsatse, ko kuwa ya saya wajen 'yan ga-ruwa. Don haka yawancin mutane suka ɗauka lambu sai a fadama.

To, a wata unguwa cikin garin akwai wata dattijuwa wadda yara da manya ke kira Iya, ita ba ta yarda da wannan magana ba. A bayan ɗakinta akwai fili wanda bai fi taku goma ba, amma a cikinsa ta raya zogale shida, da lemun tsami guda, da lalle a jikin katanga. Ta jera tsofaffin bokitai da ta huda wa gindi, ta shuka barkono da alayyafo a ciki. Da damina kuwa ga kuɓewa, ga yakuwa, ga rama.

Abin da ya sa ta wannan hali yana da asali. An kawo ta amarya a 1973, shekarar da fari ya halaka shanu a ƙasashen nan. Da farin 1984 ya zo tana da goyo, ta bi mata daji neman tafasa da aduwa. A nan ta lura gidan da ke da zogale ko da guda biyu ne ba ya rasa abin da za a kwaɗa a ba yara. Tun daga lokacin ta ƙudura ba za ta sake zama a gidan da babu ganye ba.

Babbar wahalar ita ce ruwa, kuma a nan dabararta take. Ba a zubar da ruwan alwala ko na wanke hatsi a gidan Iya, sai a gindin shuka. Ruwan omo ne kaɗai take cewa a kai waje, domin yana ƙona saiwa, yana kashe ƙasa. A gindin lemun ta binne tulu har wuya, irin wanda ba a shafe shi ba, tana cika shi bayan kwana uku, ta rufe bakinsa. Ruwan yana tsatsowa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta shan rabonta. Wannan dabara tsohuwa ce, manoman ƙasar Sin sun san ta fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Iya dai a wajen kakarta ta gani. Ba ta ban ruwa da tsakar rana, sai da yamma, kuma takan rufe gindin kowace shuka da ƙaiƙayi don laima ta daɗe.

Taki ma ba ta sa shi ɗanye. Takan tara kashin awaki da sharar tsakar gida a rami, ta yayyafa ruwa, ta rufe har wata huɗu, domin ɗanyen taki yana ƙona dashe, yana kuma gayyato gara. In gara ta matsa, sai toka. In ƙwari suka far wa ganye, sai ta daka 'ya'yan dogon yaro, ta jiƙa kwana guda, ta tace, ta yayyafa bayan la'asar. Wannan itace daga Indiya ya fito, a 1928 aka fara dasa shi a lardin Barno, ga shi yau ya zama magani a ƙofar kowa. Dashe kuwa ba ta yinsa sai ruwa ya zauna, watau wajen Yuli zuwa Agusta, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ta kafa zana ta gabas da arewa saboda iskar hunturu. Zogale in ya kai ƙirjin mutum sai ta datse kansa don ya yi rassa, ganyen kuma a inuwa take shanya shi.

Lambun bai tsaya ga mutane kaɗai ba. Akwai kaskon ruwa a gindin lalle domin kurciya da sauran tsuntsaye, ana zubar da shi a sake sabo kowace safiya don kada sauro ya hayayyafa. Ran nan jikanta ya kamo bushiya zai kai wa abokansa su gasa, sai ta ce masa, "Haba maigidana, ka kama mini ma'aikaci? Ita ke cinye mini ƙwari da dare, ba na biyanta ko kwabo." Yaron ya sake ta. Haka ta hana a jefi ƙadangare, ta hana a taɓa sheƙar shamuwa, wadda ke zuwa gabanin damina tana cin fara. A Dagona, kusa da Gashuwa, gwamnati ta keɓe wuri domin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu, har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci wurin a 1989. Iya ba ta taɓa zuwa can ba, amma malamai sun gaya mata duk abin da tsuntsu ya ci daga shukar mutum sadaka ce, wannan kuwa ya ishe ta hujja.

Wata shekara babban ɗanta, wanda ke sayar da hatsi a kasuwar Nguru, ya zo da shawara. Ya durƙusa ya ce, "Iya, shekaru sun ja, ga ruwa da tsada. Ki bari a share filin nan a gina shago, kuɗin haya ya saya miki kayan miya." Da yake ɗan fari ne, ba ta ambaci sunansa ba, ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "A gaya wa mai shago, a 1984 akwai masu kuɗi a hannu da suka zaga kasuwa ba su sami ganye ba." Ya yi shiru. Shi ma maganarsa ba ta banza ba ce, domin gidan ya cika, ga kuɗin makarantar yara. Daga bisani dattawan gida suka raba gardama, aka gina shagon ta gefen zaure, ginin ya ci zogale biyu, manyan cikinsu.

Ranar da aka sare su Iya ba ta ci abincin rana ba. Da la'asar ta sa aka yanyanka rassan kamu bibbiyu, ta aika da su gidajen maƙwabta, ta ce a kafa su a ƙasa mai laima, a kewaye da ƙaya, domin zogale yana kamawa daga reshe. Wasu awaki suka cinye, wasu suka bushe, amma a gida biyar sun kama, har matan gidajen suna aiko mata da ganyen fari.

Tun 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin kafa katangar itatuwa don tare hamada, Yobe kuma tana cikin jihohin da aikin ya shafa. Wannan aiki ne na hukuma, mai son kuɗi da ma'aikata. Amma tsohon tulu da reshen zogale da ruwan alwala ba su fi ƙarfin kowane gida ba, daga Jajimaji har Sakkwato. Wanda ke da niyya ya tanadi takinsa tun da rani, ya jira ruwa ya zauna. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.