Azarar Ƙarfe

Ɗan gidan maƙera ne a Yasore, can yammacin Katsina wajen Batsari da Safana, inda dajin Rugu yake kusa. Tun bai kai ɗaukar masaba ba aka zaunar da shi gindin zuga-zugi, yana kallon mahaifinsa na fitar da garma da lauje daga wuta. A wancan gida, in haɗi ya yi rauni, manomi yakan dawo da fartanyarsa da yamma ya yi ƙorafi, a mayar da ita wuta, magana ta ƙare.

Da ɓarayin daji suka tsananta wa ƙasar Batsari a 2019, noma ya ja baya, ƙira ta bi shi, sai ya tattara ya shiga birnin Katsina ya kama koyon walda. Ƙofa da taga ya fara yi, kamar kowa, kafin ya kai ga azarar ƙarfe, wato dogon ƙarfen nan mai leɓe sama da ƙasa da ake ɗora rufin sito ko bene a kansa. Kakanninsa da azarar giginya suka san rufi, ita kuwa takan yi ƙara ta lanƙwasa kafin ta karye. Mugun haɗin walda ba ya yin wannan sallama.

Abin mamaki, birnin yana da kamfanin mulmula ƙarfe tun 1982, amma rodi da waya aka gina shi ya yi. Ajakuta kuma, da aka sa ran za ta wadata ƙasa da manyan ƙarafa, har yau ba ta kammalu ba. Saboda haka azara sai an sayo ta daga nesa da tsada, in tsawonta ya gaza a yi mata ƙari. A wurin ƙarin nan ne ake gane mai walda. Sai ya fiƙe bakin ƙarafan biyu su yi kwari, ya zuba walda ta farko can ƙasan kwarin, ya ƙwanƙwashe kashin da ya taso, ya goge, sannan ya sake bi, yana juya gefe da gefe don kada zafi ya karkatar da azarar. Tsinken walda in ya sha raɓa, ramuka yake bari a ciki kamar saƙar zuma. Wuta in ta yi rauni, narkakken ƙarfe kwanciya kawai yake yi a sama, bai kama ciki ba. Duk wannan, da an shafa fenti, ba mai gani.

Wata rana wani ɗan kwangila ya kawo aikin rufin rumfar taro, yana gaggawa, janareta kuma yana shan mai. Ya ce masa, "Malam, ɗiɗɗiga kawai ka shafe, wa zai hau ya duba?" Shi kuwa ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, mutane ne za su zauna a ƙarƙashi." Alhaji ya yi dariya, ya ce masu walda ba su ƙare a gari ba, kuma gaskiyarsa. Kafin la'asar an kwashe ƙarafan zuwa wata rumfa.

Kuɗin hayar ɗaki ne ya tafi a motar nan, da na buhun geron da ya yi niyyar aika wa mahaifiyarsa. Daren nan bai runtsa ba, ga zogin ido irin na masu walda, kamar an watsa masa yashi, ga lissafi. Bai ɗauki kansa gwarzo ba, har ma ya yi ta tunanin ko da ya karɓa ya yi aikin yadda ya kamata, ya cika kuɗin man daga aljihunsa, da ya fi wa masu zaman rumfar amfani.

An gama rumfar, an yi mata fenti kore, tana nan tsaye. Yakan wuce ta gabanta a kan babur, kuma duk lokacin da aka gayyace shi ɗaurin aure a can, daga waje yake tsayawa.