Jikin Nan Ma Na Ubangiji Ne

Karatu: 1 Korintiyawa 6:19-20, 1 Sarakuna 19:1-8

'Yar'uwata cikin Almasihu, na san yadda ranarki take farawa. Kafin zakara ya yi cara kin ɗora ruwa a wuta. Ga wanka, ga karin kumallo, ga mai neman takalminsa na makaranta, ga na goye yana kuka. Idan wani ya ce miki ki riƙa motsa jiki, za ki yi dariya ki ce, "Wane motsi kuma ya rage?" Ni ma uwa ce, na san wannan dariyar.

Amma gajiya daban, ƙarfi daban. Mace tana iya wuni a tsaye gaban murhu, ko a sunkuye kan wanki, ta kwanta likis, zuciyarta da huhunta ba su yi aikin da zai ƙarfafa su ba. Iyayenmu sun yi daka, sun je rafi, sun taka zuwa gona. Da yawa daga cikinmu yau inji ke mana niƙa, keke napep ke kai mu kasuwa. Ga hawan jini da ciwon sukari suna shiga gidajenmu a hankali, ba sallama.

Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, an kuwa saye shi da tamani. Mukan share ɗakin sujada, mu gyara rufinsa kafin damina. Yaya za mu bar wannan haikalin ya lalace? Gaskiya ne, a 1 Timoti 4:8 ya ɗora ibada bisa horar da jiki, amma bai ce horon banza ne ba. Ya yarda yana da nasa amfani. Ki duba kuma annabi Iliya, sa'ad da ya gaji har ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, domin tafiyar da ke gabansa mai nisa ce. Renon yara ma doguwar tafiya ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, har da mai ciki da mai jego idan ba su da wata matsala. Wato minti 30 sau biyar. Ba lalle ne a yi su a haɗe ba. Goma da safe, goma da rana, goma da yamma duk lissafi ne. Alamar kin kai matsakaici ita ce numfashinki ya ƙaru, kina iya magana amma rera waƙa ya yi wuya.

To, ina lokacin? Yana ɓoye cikin abin da kike yi. Idan kin raka yara makaranta, ki dawo da sauri a ƙafa. Ranar taron Zumuntar Mata ki sauka daga abin hawa tun da ɗan nisa, in an tashi rawa kuma kada ki zauna. Ki yi tsallen igiya da yaranki a tsakar gida. Ki haɗa kai da maƙwabciya: yau ta riƙe miki yara, gobe ki riƙe mata. Idan haihuwar ba ta daɗe ba, musamman in da tiyata ce, ki fara tambayar ma'aikatan lafiya.

Kai kuma maigida, in wannan shafi ya zo hannunka, riƙe yara na rabin sa'a ƙauna ce irin wadda Afisawa 5 ta umarce ka da ita.

'Yar'uwa, wannan ba son kai ba ne. Yaran nan za su bukace ki shekaru masu yawa nan gaba. Ki fara da minti goma gobe, ki miƙa su ga Ubangiji.

Addu'a: Ya Uba, kai ka gina jikina, ka kuma ba ni amanar waɗannan yara. Ka ba ni hikimar tsara lokacina, da ƙarfin yi maka hidima har tsufa. Cikin sunan Yesu. Amin.