Hawan Kibo: Inda Hanya Ke Jarraba Ƙafar Direba

Duk wanda ya taso daga Abuja ya nufi Jos ta Keffi da Akwanga ya san akwai wurin da hira ke mutuwa a cikin mota ba tare da an ce kowa ya yi shiru ba. Wurin shi ne Hawan Kibo, a Ƙaramar Hukumar Riyom ta Jihar Filato, inda hanya ke barin ƙasa mai zafi ta kama jikin dutse tana lanƙwasa, har ta kai tudun da Jos ke zaune a kansa, kimanin mita 1,200 sama da teku.

Na sha bin hanyar nan rani da damina. Da damina duwatsun kan yi kore shar, ruwan Assop da ke kusa yana zubowa da ƙarfinsa, iska mai sanyi tana shigowa ta taga, kunne yana toshewa saboda tashin da ake yi. Amma ido ba ya daɗewa a kan wannan kyau kafin ya faɗa kan gawarwakin tireloli da suka yi tsatsa a gefen hanya. Hanci kuma yana shaƙar wani ƙauri da matafiya da yawa ba su san sunansa ba. Direbobi sun sani: ko birki ne ya yi zafi, ko kuloci ne ke ƙonewa.

Kuloci faifai ne da ke tsakanin inji da giya. In direba ya ɗage ƙafa, faifan ya manne da ƙarfen da inji ke juyawa, ƙarfi ya isa taya. In ya taka, su rabu, ya samu damar sauya giya. Aikinsa haɗawa ne da rabawa. Ɓarna tana faruwa ne a tsakani, lokacin da aka taka shi rabi, yana gogar ƙarfe yana cin kansa.

A hawan nan ake ganin haka ƙarara. Tanka mai nauyi tana gaba tana rarrafe, motoci sun jeru a bayanta. Direba mai gaggawa zai bar mota a babbar giya, ya riƙe kuloci rabi yana ba ta wuta. In layi ya tsaya, sai ya riƙe motar da kuloci don kada ta koma baya, alhali birkin hannu na gefensa. Gogaggen direba kuwa tun daga gindin dutse yake komawa ƙaramar giya, ya ɗauke ƙafarsa gaba ɗaya, ya bar inji ya yi aikinsa.

Mai hawa da ya ƙona kuloci aljihunsa ne zai ji a jika. Mai gangarowa kuwa da rai yake caca. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, dabarar sakin mota a furi, ko danne kuloci a gangara don a rage shan mai, ta ƙara samun masu kare ta a tasha. Wanda ya yi haka ya raba taya da inji, ya bar wa birki shi kaɗai nauyin mota da kaya da fasinja. Birki in ya yi zafi sosai yakan daina kamawa, kuma a lanƙwasa ake gane hakan, lokacin da nadama ba ta da amfani. Ribar ma babu ita: yawancin motocin zamani suna yanke mai da kansu in ana gangara cikin giya ba a taka totur ba. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ba ta tsufa ba: giyar da za ta hau da kai, da ita za ka sauko.

'Yan acaɓa da ke bin hawan da buhuna a bayansu ba su tsira ba. Kulocin yawancin babura cikin baƙin mai yake wanka, don haka gurɓataccen mai, ko man mota da bai dace da babur ba, yakan sa shi zamewa. Wayarsa kuma tana bukatar shafin mai, da ɗan sassauci a hannu. In an ɗaure ta tamau, faifan ba ya kamawa sosai.

Kuloci ba ya mutuwa sai ya yi sallama. In inji yana ihu gudu bai ƙaru ba, in giya tana gardamar shiga, in ƙauri ya tashi, lokacin zuwa wajen bakanike ya yi, tun mota tana gari. Shugabannin tasha su sa ido a kan wannan kafin lodi. Fasinja ma yana da haƙƙin cewa: "Direba, don Allah a mayar da ita giya." Jos ba ta gudu, Abuja ma tana nan. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.