Labarin Samara Joy, Mawaƙiyar Amurka

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakaninmu malaman makaranta, watau maganar hadda. Waɗansu sun ce yaron da ya haddace maganar wani aku ne kurum. Waɗansu kuwa sun ce ba a gini sai da tubali, tubalin nan kuwa mutanen da su ka buga shi. Mu dai tun muna kwalejin horon malamai mu ke jin wannan ja-in-ja, har yau ba wanda ya raba ta. To, ga labarin wata yarinya baƙar fata ta ƙasar Amurka wadda sana'arta waƙa ce. Mun ga ya kamata ku ji shi, ku 'yan makaranta, gama a kanku a ke gardamar, ku ne kuma masu kwana da littafi bisa ƙirji.

Irin waƙar da ta ke yi sunanta jaz. Asalinta birnin New Orleans, wajen farkon ƙarni na 20, wurin jikokin bayin nan da aka kwashe daga Afirka. Ga yadda ta ke: a kan ɗauki wata sananniyar waƙa, galibi mai gida 32, a rera ta sau ɗaya yadda mai ita ya tsara. Sa'an nan kowane makaɗi ya karɓa shi kaɗai, ya ƙago nasa nan take bisa wannan harsashi, sauran suna riƙe masa da kiɗa. Ba takarda gabansa. In ya kuskure, jama'a na ji. Watau dai sana'a ce wadda hadda ba ta isa a cikinta, amma kuma wanda bai yi hadda ba ko ƙofa ba ya gani.

An haifi Samara Joy McLendon ran 11 ga Nuwamba, 1999, a unguwar Bronx ta birnin Niyok. Waƙa gādo ce a gidansu. Kakanninta, Elder Goldwire McLendon da matarsa Ruth, su ne shugabannin wata ƙungiyar mawaƙan coci a Filadelfiya da a ke kira Savettes. Ubanta Antonio mawaƙi ne, makaɗin jita kuma, ya yi yawon waƙa tare da Andraé Crouch. Ita ma ta yi waƙa a coci. Amma abin mamaki, jaz ba ta cikin abin da ta tashi da shi. Sai da ta kusa gama sakandare ta ɗan taɓa ta, ba ta kuwa shige ta sosai ba sai da ta shiga kwalejin Purchase ta jihar Niyok, tana da shekara wajen 18. Abokan karatunta da yawa tun suna ƙanana su ke cikin abin. Kowane malami ya san irin yaron nan da a kan kawo aji a tsakiyar shekara, ya zauna can baya yana zare ido, ana ambaton abin da kowa ya sani ban da shi.

Me ta yi? Sai ta koma almajirar matattu. Ta tasa muryoyin Sarah Vaughan da Ella Fitzgerald da Carmen McRae gaba, tana saurara, tana maimaitawa, har ta san inda kowace ta ke jan numfashi, da inda ta kan jinkirta kalma ta bar kiɗa ya wuce ta kaɗan kana ta cim masa. Sarah Vaughan ta rasu a 1990, Ella a 1996, duk kafin a haife ta. Ba wadda ta taɓa gyara mata kuskure. Kunnenta ne bulalarta. A 2019, tana da shekara 20, ta shiga gasar mawaƙan jaz ta duniya da a ke yi da sunan Sarah Vaughan a Newark, garin da aka haifi ita Sarah ɗin, ta kuwa zo ta ɗaya.

Ba a daɗe ba annobar korona ta 2020 ta rufe gidajen waƙa duka. Ta rera wata waƙar Ella don godiya ga waɗanda su ka biya mata kuɗin karatu, aka sa a intanet, jama'a su ka yi ta miƙa wa juna. Da taimakon da mutane su ka tara ta buga faifanta na fari a 2021, shekarar da ta gama kwaleji. A nan akwai abin da ya taɓa zuciyarmu ƙwarai. Mai kaɗa mata jita a faifan, Pasquale Grasso, da mai ganga, Kenny Washington, duk malamai ne a kwalejin da ta yi. Dubi dattijon makaɗi ya koma baya ya zauna, yana riƙe wa almajirarsa kiɗa, sunanta ne bisa faifai da manyan baƙaƙe. Ba kowane malami ke iya wannan ba, kada mu ruɗe ku.

Muryarta mai kauri ce a ƙasa, da sanyi, ba ta gaggawa, sa'an nan ta kan hau sama ba tare da ka ji inda ta taka ba. A faifanta na biyu, Linger Awhile, na 2022, akwai wata tsohuwar waƙa da Nancy Wilson ta yi suna da ita. Mace ce ke ba mijinta labarin yininta bayan ya komo gida a makare: ta fita sayayya, ta ratse wani gidan abinci, ta hangi waɗansu masoya biyu daga lungun da ta zauna. Sai a kalmar ƙarshe mai sauraro ke gane mijin ne ta gani. Samara ba ta kuka a cikinta, ba ta ɗaga murya. Tana faɗi kamar mai zuba wa miji ruwan wanke hannu, har wuƙar ta shiga.

Amma fa tun daga nan haɗari ya ɓullo. Kowa ya ji ta sai ya ce, kai, Sarah Vaughan ta komo! Yabo ne, amma irin yabon da ke binne mutum da ransa. Wanda ya ke son Sarah ai faya-fayanta na nan, me zai yi da inuwa? Kome kyan ɗan kwaikwayo, rigar aro ya sa, mai riga kuwa ko yana kabari tasa ce. Nan ne masu cewa hadda aikin aku ce su ke da hujja, ba mu kuwa raina hujjarsu ba.

Ku duba yadda ta ɓullo wa abin. Akwai wani mai busa ƙahon Turawa, Fats Navarro, wanda ciwon tarin fuka ya kashe a 1950 yana da shekara 26. A 1947 ya busa wani kiɗa mai suna Nostalgia, ba kalma ko ɗaya a ciki. Samara ta haddace busar nan tun tana kwaleji, sauti bayan sauti, sa'an nan ta zauna ta tsara kalmomi nata, kowane gaɓa ya hau kan sautin da ƙahon ya fitar, ta mai da shi labarin ranar da masoyi ya gane ya sami abokin zama. Wanda ya taɓa gwada tsara waƙa bisa karin wani ya san wuyar wannan. Busar ta Navarro ce, ba ta sāke ko ɗigo ba, amma abin da ya fito bai taɓa kasancewa a duniya ba sai da ta yi shi. Mu a ganinmu a nan ta fita daga aji.

Ran 5 ga Fabrairu, 2023, a Los Angeles, aka ba ta kyautar Grammy biyu, watau ɗan garmaho mai ruwan zinariya da a ke ba gwanayen waƙa: ɗaya don faifan nan, ɗaya kuwa ta sabon mawaƙin da ya fi duka a shekarar. Su 10 ne ke neman ta biyun, har da waɗanda mabiyansu sun ninka nata nesa ba kusa ba. Mawaƙan jaz ba safai su kan same ta ba. Esperanza Spalding ta samu a 2011. Samara ta ƙara ɗaya a 2024, biyu a 2025, cikinsu har da ta wani ɗan faifan Kirsimeti wanda danginta su ka yi waƙa tare da ita.

Da ta ga dama da ta zauna nan, tana ta juya tsofaffin waƙoƙi masu daɗi, kuɗi na shigowa. Sai ga shi a 2024 ta fito da Portrait, ita da makaɗa 7, galibinsu samari tsararrakinta, ta sa muryarta cikin masu busa kamar ita ma ƙaho ce. Waɗansu masoyanta na fari sun fi son ta da, gama wannan ya fi wuyar saurare. A ciki ta ɗauki wani kiɗa mai karkace-karkace na Charles Mingus, wanda ya tsara don tunawa da Charlie Parker, ta sa masa kalmominta. Ta fara shi da murya tsura, ba ganga, ba fiyano, ba mai riƙe mata hanya in ta ɓace, ta yi tafiya mai nisa haka nan ita kaɗai kafin makaɗan su shigo.